Filash mai tayar da kwamfuta: Yadda ake haɗa shi, da dalilin da ya sa ya kamata matasan Daura su tambayi asalinsa

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina aika wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta. Babu abin da ya sauya a fuskar kwamfutocin da ke shagunan buga takardu na unguwar Kusugu, ko waɗanda ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura ke rataye da su a jaka. Sun ci gaba da tashi kamar kullum. Abin da ya sauya ba ya ganuwa: duk wata ɓaraka da masu kutse suka gano a Windows 10 bayan wannan rana za ta zauna a buɗe, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi da kamfanin ya ware wa ɗaiɗaikun mutane zuwa 13 ga Oktoba, 2026.

Shawarar Microsoft ita ce a koma Windows 11. Sai dai Windows 11 na da sharuɗɗa, ciki har da wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar Intel daga zubi na 8 zuwa sama. Yawancin kwamfutocin cinya da matashi mai ƙaramin ƙarfi ke iya saye na hannu ne, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka, suka biyo ta kasuwar Computer Village ta Ikeja, suka sauka a titin Beirut ko Farm Centre a Kano kafin su iso Daura. Irin su HP EliteBook 840 G3 da Dell Latitude E7470 'yan zubi na 6 ne, ba su cika sharaɗin ba, ko da kuwa lafiyarsu ƙalau.

Mai irin wannan kwamfuta, ko ya zaɓi sake ɗora Windows ko ya zaɓi barin ta, hanyarsa ɗaya ce: wani ɗan filash da bai kai tsawon yatsa ba. Shi ne wanda mai gyara ke zarowa daga aljihu idan an kai masa "fomatin", ya soka, ya danna madanni, bayan sa'a guda ya miƙo kwamfutar tana walƙiya. Da wuya a ji wanda ya tambaye shi abin da ke cikin filash ɗin, ko daga ina ya samo shi.

Me ya bambanta shi da filash na waƙoƙi?

Kwamfuta ba ta iya komai sai da babbar manhajar da ke sarrafa ta, wato irin su Windows, macOS, ko ɗaya daga cikin dangin Linux kamar Ubuntu da Linux Mint. A da a kan faifan CD ko DVD ake sayar da irin wannan manhaja. Da intanet ya yi ƙarfi, sai aka koma rarraba ta a matsayin fayil guda wanda ya ƙunshi duk abin da ke kan faifan, da yadda aka jera shi, ba ragi ba ƙari. Wannan fayil shi ne hoton faifai. An fi saninsa da ISO, sunan da ya samo daga ƙa'idar ISO 9660 ta 1988, wadda ta tsara yadda ake jera bayanai a kan faifan CD. Faifan ya kusa ɓacewa, sababbin kwamfutoci ma ba su da ramin saka shi, amma sunan ya zauna.

Kuskuren da mai koyo ya fi yi shi ne ya kwafi fayil ɗin ISO ya zuba a filash kamar yadda yake zuba fim, ya sake kunna kwamfuta, ya ga ba abin da ya faru. Dalili kuwa shi ne, a daƙiƙun farko bayan an danna makunni, Windows ba ta farka ba tukuna. Wata ƙaramar manhaja ce da ke dashe a allon kwamfutar ke fara aiki. Tsohuwar ana ce mata BIOS, sabuwar kuma UEFI. Ita ba ta san fim ba, ba ta san ISO ba. BIOS na leƙa bait 512 na farko na ma'ajiyar da aka nuna mata ne kawai, tana neman umarnin tashi. UEFI kuwa wani ƙaramin fayil take nema a wani keɓaɓɓen wuri. Idan ba ta tarar da abin da take nema a inda take nemansa ba, sai ta tsallake filash ɗin ta wuce.

Saboda haka haɗa filash mai tayar da kwamfuta ba kwafa ba ce. Warware hoton faifan ake yi, a shimfiɗa shi a kan filash ɗin bisa tsarin da BIOS ko UEFI za ta gane.

Aikin kansa

Ana buƙatar filash mai aƙalla gigabait 8, da kwamfuta mai lafiya ta aro ko ta kai, da hoton faifan, da manhajar da za ta yi rubutun. Wadda ta fi shahara a wajen masu Windows ita ce Rufus, wadda Pete Batard ya fara fitarwa a 2011. Kyauta ce, ƙarama ce ƙwarai, kuma rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake ga duk mai son dubawa. Microsoft na da tata, Media Creation Tool, wadda ke sauko da Windows ta kuma haɗa filash ɗin a zama ɗaya. Akwai balenaEtcher mai aiki a Windows da Mac da Linux. Masu Linux na da umarnin dd, wanda ba ya tambayar mutum ko ya tabbata. Harafi ɗaya aka kuskure a sunan ma'ajiya, sai ya shafe cikin kwamfutar maimakon filash.

A Rufus, mutum zai soka filash, ya zaɓe shi, ya nuna inda hoton faifan yake, sannan ya zaɓi tsarin rabon ma'ajiya. GPT ake zaɓa wa kwamfuta mai UEFI, wato kusan duk wadda aka ƙera daga zamanin Windows 8 a 2012. MBR kuma na tsofaffi ne masu BIOS. Wanda ya zaɓi wanda bai dace ba bai yi ɓarna ba, filash ɗin ne kawai zai ƙi tashi, sai a sake. Ɓarnar tana wani wuri: da an danna madannin farawa, duk abin da ke kan filash ɗin ya tafi. Ɗalibin da ya ajiye kundin bincikensa na kammala karatu a ciki, ya kwashe tun da wuri.

Akwai wani tarko da ke rikita masu son yin aikin da hannu. Tsarin FAT32, wanda UEFI ta fi ganewa, ba ya ɗaukar fayil guda da ya haura gigabait 4, kuma babban fayil ɗin da ke cikin hoton Windows na zamani yakan haura haka. Rufus na kauce wa wannan da kanta, shi ya sa bai kamata mai koyo ya taɓa zaɓin da ta yi masa ba sai da dalili.

Rubutun ba ya wuce 'yan mintuna a filash mai kyau. A garin da wutar lantarki ke zuwa ta tafi ba sallama, kuma batirin kwamfutar hannu sau da yawa ya riga ya mutu, gara a fara aikin inda ake da sola ko janareto, domin rubutun da ya katse a tsakiya sai an faro shi daga farko. Haka nan filash na jabu, wanda aka rubuta masa gigabait 64 a jiki alhali cikinsa bai kai 8 ba, yakan karɓi rubutun kamar gaske, sai an zo tsakiyar ɗora manhaja ya tona asirin kansa. Rufus na da zaɓin gwada lafiyar filash kafin rubutu. Yana cin lokaci, amma yana kama irin wannan.

Da an gama, sai a kashe kwamfutar da za a yi wa aiki, a soka filash, a kunna, a yi ta danna madannin zaɓen ma'ajiya kafin tambarin kamfani ya wuce: F9 a yawancin HP, F12 a Dell da Lenovo. Masu gyara da ke hulɗa da kwamfutoci iri-iri sun fi son Ventoy, wadda ta fito a 2020. Ita sau ɗaya ake ɗora ta a filash, daga nan sai a riƙa zuba fayilolin ISO kamar yadda ake zuba kowane fayil, ta jero su a allo mutum ya zaɓa.

Daga wace rijiya aka ɗebo?

Duk abin da aka zayyana a sama, yaro mai natsuwa zai koya a yamma ɗaya. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Mutanen Kusugu, waɗanda labarin kafuwar garinsu ya rataya a kan rijiyar da maciji ya tare, ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani cewa guga mai kyau ba ya gyara ruwan da aka ɗebo daga gurɓataccen wuri. Rufus ba ta tantance gaskiyar hoton faifai. Abin da aka ba ta shi take rubutawa.

Babbar manhaja ita ce ke ƙarƙashin komai. Ita ke karɓar duk harafin da aka danna, ita ke buɗe kyamara da makirfo, ita ke ba manhajar kashe ƙwayoyin cuta izinin aiki. Idan da guba aka zo da ita tun daga tushe, babu wani mai gadi a cikin kwamfutar da ya fi ta matsayi balle ya kama ta.

Wannan ba hasashe ba ne. A ranar 20 ga Fabrairu, 2016, masu kutse suka shiga shafin Linux Mint suka karkatar da masu saukewa zuwa wani hoton faifai na bugu na 17.3 da suka dasa wa ƙofar baya. Shugaban aikin, Clement Lefebvre, shi ya fito ya sanar, ya nemi duk wanda ya sauke a ranar ya jefar da abin da ya samu. A 2023 kuma kamfanin tsaron intanet na Doctor Web ya ba da rahoton wasu hotunan Windows 10 na sata da ake rabawa a intanet, waɗanda aka ɓoye wa manhajar ɓarayi a sashen da kwamfuta ke tashi daga gare shi. Aikinta shi ne ta jira mutum ya kwafi adireshin asusun kirifto, ta musanya shi da na ɓarayin kafin ya liƙa. Kamfanin ya ƙiyasta abin da aka sace ta wannan hanya a kusan dala 19,000. Ga matasan Arewa da suka rungumi hada-hadar kirifto da banki ta intanet, wannan labarin gida ne.

Ba wai masu gyara mugaye ba ne. Mafi yawansu su ma karɓa suka yi daga wani, shi ma daga wani, har a rasa mafari. Abin da ke tura su ga haka ba ɓoyayye ba ne: hoton Windows 11 ya haura gigabait 5, na Ubuntu 24.04 ma ya kusa 6, kuma a Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Wanda zai sauke irin wannan fayil da datar wayarsa, a layin da kan yanke a tsakiya, dole ya yi tunani sau biyu. Sai a koma karɓar "Windows mai komai da komai", wadda ta zo a buɗe, da Office da sauran manhajoji a ciki, ba tare da an san hannun da ya cuɗa ta ba.

Maganin wannan kuwa ba ya cin data. Kowane fayil na da wata lamba da ake lissafowa daga abin da ke cikinsa, tamkar zanen yatsa. Wadda aka fi amfani da ita, SHA-256, jerin haruffa da alƙaluma 64 ce. Idan aka sauya ko da ɗigo ɗaya a cikin fayil mai gigabait 5, lambar gaba ɗaya sai ta sauya. Microsoft da Ubuntu da Linux Mint duk suna wallafa lambar kowane hoton faifai a shafukansu. A Windows, umarnin Get-FileHash a PowerShell na fitar da lambar fayil ɗin da ke hannu. Rufus ma na da ɗan madanni kusa da wurin zaɓen fayil da ke yin wannan lissafi. Sai a kwatanta da ta shafin kamfani. Idan sun zo ɗaya, fayil ɗin da aka karɓa a hannun aboki a Kusugu daidai yake da wanda ke rumbun kamfanin, ko ta hannu nawa ya biyo. Idan sun saɓa, ba a tsaya neman uzuri.

Ma'anar wannan ita ce mutum ɗaya zai iya saukewa, ɗalibai hamsin su kwafa, kowa ya tantance nasa da datar da ba ta kai ta buɗe hoto ɗaya a Facebook ba. Sharaɗin kawai shi ne a ɗauko lambar daga shafin kamfanin na gaskiya, ba daga bakin wanda ya ba da fayil ɗin ba. Darasin Linux Mint ya nuna iyakar dabarar: wanda ya ƙwace shafi zai iya sauya fayil da lambarsa a tare, shi ya sa masu rarraba Linux ke ƙara sa hannu na dijital a kan jerin lambobin, domin mai tsananin taka-tsantsan.

Wani abin takaici shi ne sau da yawa satar ma ba ta da amfani. Sauke hoton Windows daga shafin Microsoft kyauta ne. Lasisi ake biya. Kwamfutocin da suka fito daga masana'anta da Windows 8 ko 10 kuwa galibi lasisinsu na dashe a allonsu, ta yadda idan aka ɗora Windows ta gaskiya, irin wadda ta dace da lasisin, da kanta take buɗewa da zarar ta hau intanet. Mutum na iya yawo da halal a cikin kwamfutarsa, a ɗora masa ta sata a kai, ya kuma biya kuɗin aiki.

Ga wanda Windows 11 ta ƙi

Rufus na ba da damar cire sharaɗin TPM a ɗora Windows 11 a kan tsohuwar kwamfuta. Yana aiki, amma Microsoft ta faɗa ƙarara cewa ba ta yi alƙawarin ci gaba da aika wa irin wannan kwamfuta gyare-gyare ba. Ɗaya hanyar ita ce Linux. Linux Mint kyauta ce, tana tafiya da sauƙi a kwamfutar da Windows 10 ke ja da ƙyar, tana zuwa da Firefox da LibreOffice, kuma tana da tsarin madannai na Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ. Ba kowa za ta yi wa ba. Mai shagon da ke rayuwa a kan CorelDRAW, musamman yanzu da fastocin zaɓen 2027 ke tafe, da ɗalibin injiniya na Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke Daura wanda malaminsa ya ce sai AutoCAD, za su sha wahala, domin waɗannan ba a yi su don Linux ba. Amma mai rubutu da bincike da aika saƙo bai rasa komai ba, kuma ba sai ya yi caca ba: filash na Mint ko Ubuntu na iya tayar da kwamfuta a gwada ta sarai ba tare da an taɓa abin da ke ciki ba. A zare shi, Windows ta dawo yadda take.

Wuƙa mai kaifi biyu

Wannan damar ta gwaji ita ce wurin da batun ya tashi daga shagon gyara ya shiga siyasa. Filash ɗin da ya tayar da kwamfuta ba ta hanyar Windows ba, yana ganin fayilolin da ke cikinta kamar yadda ake ganin kaya a ɗakin da aka shiga ta taga. Da haka ake ceto takardun wanda Windows ɗinsa ta lalace. Da haka kuma ɓarawo, ko duk wanda kwamfutar ta faɗa hannunsa, zai karanta komai ba tare da ya san kalmar sirri ba. Kalmar sirrin da ake bugawa a farkon Windows ƙofar gaba kawai take tsarewa.

A ranar 6 ga Janairu, 2019, sojoji suka kai samame ofisoshin jaridar Daily Trust a Abuja da Maiduguri kan wani rahoto game da yaƙi da Boko Haram, suka tafi da kwamfutoci. Dokar Laifukan Intanet ta 2015, musamman sashe na 24, an sha amfani da ita wajen kama 'yan jarida da masu rubutu a kafafen sada zumunta, kuma gyaran da aka yi mata a 2024 bai kawo ƙarshen ƙorafin ba. A irin wannan kamu, waya da kwamfuta ne kan fara barin hannun mai su. Wanda ke bin diddigin kasafin ƙaramar hukuma ko kwangilar da aka karɓi kuɗinta ba a yi ba, ba kansa kaɗai yake riƙe da shi a kwamfuta ba. Akwai sunan ma'aikacin da ya ba shi takarda.

Abin da ke rufe tagar shi ne kulle ma'ajiyar gaba ɗaya da lambar sirri, ta yadda wanda ya shigo da filash ba zai ga komai ba sai tarkacen alƙaluma. BitLocker ke wannan aiki a Windows Pro, VeraCrypt na yi kyauta, Ubuntu da Mint kuma suna tambaya tun lokacin ɗorawa ko ana so a kulle. Mai BitLocker ya adana mabuɗin ceto mai alƙaluma 48 a wuri dabam kafin ya taɓa saitin UEFI, domin sauyi kaɗan na iya sa kwamfutar ta nemi mabuɗin, kuma in babu shi, mai ita ma a waje zai kwana.

Akwai kuma manhajar da aka gina ta domin ta rayu a filash kaɗai. Tails, wadda ta fara fitowa a 2009, tana tashi daga filash mai gigabait 8, tana bi da duk hulɗar intanet ta hanyar Tor, kuma da an kashe kwamfuta sai ta manta duk abin da aka yi, in ban da abin da mutum ya ajiye da gangan a wani kulallen sashe. Da ita Edward Snowden da 'yan jaridar da suka yi aiki da shi, Laura Poitras da Glenn Greenwald, suka yi hulɗa a 2013. A Satumbar 2024 masu kula da ita suka haɗe da ƙungiyar Tor Project.

Tails ba laya ba ce. Kamfanin waya zai iya gane cewa layin na amfani da Tor ko da bai ga abin da ake yi ba, sai in an bi ta gadojin da aka tanada don ɓoye hakan, kuma tun Disambar 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN ta mai shi. Wanda ya tayar da Tails ya shiga Facebook da sunansa ya riga ya gabatar da kansa. Tana da nauyin tafiya a layi mai rauni, ba ta tashi a sababbin kwamfutocin Apple masu ƙwaƙwalwar M, kuma ba ta kare mutum daga kwamfutar da aka riga aka yi wa dashe a jikinta. Ita ma, kamar sauran, ba a karɓar ta haɗaɗɗiya daga hannun wanda ba a sani ba. Shafin Tails na da wurin da mutum zai nuna fayil ɗin da ya sauke, a tantance masa shi nan take kafin ya rubuta a filash.

Ga wanda ba zai haɗa nasa ba, dole sai ya je wurin mai gyara, akwai abin da zai iya yi kafin ya miƙa kwamfuta. Ya kwashe takardunsa da hotunansa zuwa wata ma'ajiya, ya fita daga asusun imel da na banki, ya duba ko kwamfutar na da lasisinta a jiki, sannan ya nemi a nuna masa fayil ɗin ISO da aka haɗa filash ɗin da shi, a lissafa lambarsa a gabansa, shi kuma ya buɗe shafin kamfanin a wayarsa su kwatanta. Filash ɗin Ventoy ya sauƙaƙa wannan, tunda fayil ɗin na nan zaune a cikinsa yadda aka sauke shi. Lissafin lambar fayil mai gigabait 5 ba ya wuce 'yan mintuna, ko a tsohuwar kwamfuta.